Ƙwallayen Dabinon Jatau Direba

An yi wani sarki a Birnin Marke mai suna Mu'allayidi, wanda ya fi son a kawo masa hujja a kan a kawo masa gaisuwa, shi ya sa fadawansa ba su taɓa sakin jiki da shi ba. A zamaninsa motoci suka yawaita, sai ya kafa asusun inshora: kowane mai mota ya zuba wani abu sananne a farkon shekara, wanda tsautsayi ya faɗa wa kuma a gyara masa mota daga ciki, a yi wa wanda ya ji rauni magani. Ya sa doka cewa motar da ba ta da takardar asusun ba za ta hau titi ba. Ya danƙa amanar a hannun Ma'aji Ɗahiru, mutum mai tsoron Allah wanda bai taɓa cin anini ba, sai dai in ya tashi yi maka bayani, ka fi ruɗewa bayan ya gama.

A tashar birnin akwai wani dattijon direba, Malam Jatau, mai wata tsohuwar bas da yake jigilar 'yan kasuwa, kuma da ita kaɗai yake ciyar da gidansa. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takawa ba. Saboda rashin gaggawarsa 'yan tasha suka sa masa suna Hawainiya, shi kuwa ko a jikinsa. Da shekara ta zagayo, ya ƙulle dirhami arba'in a hankici kamar yadda ya saba, ya tafi karɓar takarda, sai aka ce masa bana saba'in ne. Ransa ya ɓaci ƙwarai, domin ba shi da cikon talatin ɗin, kuma in wata ya ƙare ba takarda, sai ya jingine motar. Bai koma gida ba, ya zarce fada.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ƙara na kawo. Shekara talatin da ɗaya ina zubi, ban taɓa karɓar ko dirhami ɗaya ba, ban fasa fitilar kowa ba, ban karya ɗan kowa ba. Bana an ƙara mini kamar wanda ya yi ɓarna. In laifi na yi, a faɗa mini in tuba. In ban yi ba, ina neman haƙƙina."

Sarki ya sa aka kira Ma'aji. Ya zo da littattafai, ya yi ta karanto lissafi har fadawa suka fara hamma. Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Ma'aji, ban zarge ka ba, amma ban fahimce ka ba, kuma talakan da bai fahimci hukunci ba zalunci zai kira shi. Ga mas'alar da nake son a warware: ta yaya za a ƙara wa marar laifi nauyi, a kuma ce ba a zalunce shi ba?"

 Sai Sarki ya dubi Jatau ya ce, "Dattijo, kai ka kawo tambaya, kai za ka kawo amsa. Ka zauna kusa da Ma'aji kwana bakwai, a ba ka jakar da za a kashe a mako bisa tsohon zubi, ka sallami duk wanda ya zo da ita. In ka sami ha'inci ko kuskure a ƙarin nan, arba'in ɗinka ta isar maka. In ba ka samu ba, ka cika saba'in ko ka jingine mota."

Jatau ya amsa da murna, don ya tabbata akwai ɓera a rumbun.

Wanda ya fara zuwa abokinsa ne, Ilu, direba mai natsuwa irinsa. Motarsa na ajiye a ƙofar gida, ruwan sama ya kayar da katangar maƙwabci a kanta, gilashin gaba da fitila ɗaya suka tafi. Jatau ya yi masa jaje, ya ƙirga dirhami goma sha biyu ya miƙa masa. Ilu ya dubi kuɗin, ya dubi Jatau, ya ce, "Haba Malam Jatau, wasa kake yi ko? Taso mu je kasuwa tare."

Da suka je, mai kayan mota ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, ai wannan farashin ranar da ka sayi motarka ne. Yanzu fitila a haɗe take zuwa daga ƙetare, ba a sauya ƙwanta kawai, ita kaɗai talatin ce. Gilashi kuwa hamsin, ban da kuɗin mai sawa."

Nan Jatau ya gane kuskurensa. Ya san kuɗin taya da na birki da na baƙin mai kamar sunan 'ya'yansa, amma kuɗin abin da ke fashewa a haɗari bai sani ba, domin bai taɓa fasa komai ba. Kyawun tuƙinsa ne ya ɓoye masa tsadar kasuwa shekara talatin. Kashegari aka kawo takardar maɗori da ta asibiti ta wani mai keke da aka karya wa ƙafa, ya tarar su ma sun ninka. Kafin azahar ta rana ta huɗu jakar mako ta zama fayau, ga mutum shida a zaune suna jiransa da ido. Ya bi kowane dirhami da kansa, bai ga inda ɗaya ya ɓata ba. Baƙin ciki ya kama shi, don ya ga motarsa tana shirin kuɓuce masa, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

To, amma direbobi suna da wata al'ada wadda Jatau bai bari ba don ya hau kujerar ma'aji. In an yi haɗari, ba sa tsayawa a "Allah ya tsare gaba", sai sun tambaya: a ina ne, wace rana, wa ke tuƙi? Haka ya riƙa yi wa kowa, Ma'aji yana ganin ɓata lokaci ne, domin littafinsa suna da kuɗi kawai yake ɗauka. A cikin mutum shidan nan da ke jira, huɗu suka ambaci wuri ɗaya. Jatau ya ɗauko dabino yana taunawa, kamar yadda yake yi a kan doguwar hanya, sannan ya ce wa Ma'aji, "Ranka ya daɗe, karanto mini sunayen duk waɗanda aka biya bara. Ni ban iya rubutu ba, amma a tasha ba a manta inda mota ta faɗi."

Ma'aji ya yi ta karantawa, Jatau yana faɗin wurin, yana jefa ƙwallon dabino a ɗaya daga cikin ƙoƙuna uku. Inda ya yi shakka, ya taka zuwa tasha ya tambayo. Kwana uku suna wannan aiki, mudun dabino guda ya ƙare a kai, har Ma'aji da kansa ya taya shi ci don a sami ƙwallaye.

A rana ta takwas fada ta cika, 'yan tasha sun yi dafifi a ƙofa suna jiran su ji an tuɓe Ma'aji. Jatau ya san da zai ce ya ga alamar ha'inci, jama'a za su goya masa baya. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, na nemi ha'inci ban samu ba. Ma'aji amintacce ne, ina roƙonsa gafarar zaton da na yi masa. Na ɗauka zubin nan tarar laifin da ya wuce ne, ashe tanadi ne na tsautsayin da bai zo ba, kuma da farashin gobe za a biya shi. Kyawun tuƙina ba ya rage kuɗin fitila, ba ya hana katanga faɗuwa, ba ya riƙe ƙafar wanda zai taho a guje ya same ni. Tukunya ɗaya muke ci, in cefane ya yi tsada kowa sai ya ji a aljihunsa. Ƙarin gaskiya ne."

'Yan tasha suka yi gunaguni. Sarki ya ce, "Ka san abin da wannan shaidar za ta jawo wa motarka?"

Jatau ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe, kuma yana yi mini ciwo. Amma ina neman izini in nuna abin da littafi bai faɗa ba."

Ya juye ƙoƙunan a gaban Sarki, tsibi uku. Ya nuna babban ya ce, "Haɗari ɗari aka biya bara. Waɗannan arba'in da bakwai duk a Gangaren Kuka suka faru, mafi yawa ranar Laraba da kasuwa ke ci. Tun da aka zuba kwalta mota take saukowa kamar an jefo ta, ga rumfunan kasuwa sun ci bakin titi, ga amalanke da shanu suna tsallakawa." Ya nuna na biyu. "Waɗannan ashirin da uku kuwa aikin mutum tara ne kacal, kowannensu ya dawo sau biyu ko sau uku, kuma zubinsu daidai yake da nawa." Ya dafa na ukun. "Talatin ɗin nan su ne ƙaddara tsantsa, irin ta Ilu, su kam ko nawa suka kai zan ɗauki rabona da hannu biyu. Ƙarin ba shi da aibi, ranka ya daɗe, rabon ne ke son gyara, gangaren kuma yana son magani."

Ma'aji Ɗahiru ya miƙe, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, shekara goma ina rubuta suna da kuɗi, ban taɓa tambayar a ina ne ba. Wannan kuskurena ne, kuma dattijon nan ya same shi."

Sarki ya yi murmushi, ya ce, "To, ai sharaɗi ya cika ta ƙofar da ba mu zata ba." Nan take ya ba da umarni a ja rumfunan Gangaren Kuka baya, a yi tudun rage gudu a kan kwaltar, a riƙa rubuta wuri da rana a littafi. Ya hukunta cewa wanda ya maimaita ɓarna a ƙara masa gwargwadon ɓarnarsa, wanda ya daɗe bai yi ba kuma a rage masa gwargwadon shekarunsa. Da Ma'aji ya buga sabon lissafi, na Jatau ya kama hamsin.

Sarki ya ce, "Na yi alkawarin arba'in, ba zan saɓa ba. Amma ba zan rage wa asusun jama'a haƙƙinsa ba, goman nan daga aljihuna za ta fita." Ya sa aka yafa wa Jatau riga, ya naɗa shi Wakilin Hanya, ya ce kada a sake yanke zubin shekara sai yana wurin.

Jatau ya fito da takarda a hannu, farin ciki ya cika shi har bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya shiga tsohuwar bas ɗinsa, 'yan tasha suka bi shi a ƙafa suna kirari, "Hawainiya! Hawainiya!" Kuma ba wanda ya yi haki a cikinsu, domin ko a ranar bai ƙara gudu ba. Da shekara ta zagayo, ƙoƙon Gangaren Kuka ƙwallo shida kawai aka samu a ciki, zubin kowa ya sauka.

Ku sani, ya ku masu hankali, ba kowane nauyi ne zalunci ba. Adalin shugaba shi ne wanda ke sanar da talaka dalilin kayan da ya ɗauka, ya raba kayan gwargwadon aikin kowa, sannan ya tashi ya gyara hanyar da ke sa su nauyi.