Shamuwa a Yaƙin Danmak da Suwidin

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwa na jira.

Sarkin Danmak da Sarkin Suwidin suka ɗaura yaƙi a kan teku. Kada ku tambaye ni kamannin teku, ni iyakata kududdufin bayan gari.

To, akwai wata Shamuwa 'yar garinmu da yawo ya kai ta can. Ta yi sheƙa a kan dogon sandan jirgin Sarkin Danmak, ta zuba ƙwai. Sarki ya ce, "Zauna, amma in kin hango jiragen Suwidin, ki gaya mini."

Rannan ta hango su. Ta sauko, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya sanyi?"

Kafin ta kai kan magana, igwa ta ce dum! Jirgin Danmak ɗaya ya nutse.

Kashegari ta sake hango su. "Ranka ya daɗe, yaya muka ji da haƙuri? Allah ya mayar da alheri. Yaya gajiyar jiya?"

Dum! Na biyu ya bi na farko. Saura mai ɗauke da ƙwanta.

Sarki ya fusata. "Ke, me ya hana ki faɗa tun farko?"

Ta ce, "Haba, ranka ya daɗe! Ba gaisuwa? Ai ba a daji aka haife ni ba."

Ya ce, "Tashi ki ba ni wuri! Je ki gai da Suwidin!"

Shamuwa ta tashi, hankalinta na kan ƙwanta. Ta iske Sarkin Suwidin ya ɗaga hannu zai ce a harba. Ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ina wuni?"

Bai taɓa ganin irin wannan ladabi ba. Ya sauke hannu, ya amsa. Ta tambayi uwargida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi surukai. Ta gai da kowane mai igwa, ta tambayi nasa iyalin. Da ta ƙare, ta ce, "Af, na manta, yaya gajiya?" ta sake daga farko.

Ana nan iska ta juya, ruwan sama ya sauko, albarushi ya jiƙe. Jirgin Danmak ya sulale gida, ƙwai ko ɗaya bai fashe ba.

Sarkin Danmak ya aika a kira ta ya yi godiya. Har yau ba ta iso ba, tana can tana sallama.

Gaisuwa ado ce, yara, amma in wuta ta kama, a fara da ihu.

Ƙurunƙus! Ɓera ya ɗauki kansa ya gudu, ko sallama bai yi ba.