Baƙin Rufin Alhaji Mai-Citta

An ce wai a wani gari na kudancin ƙasar Hausa, inda damina ke daɗewa har bango ya yi gansakuka, an yi wani attajiri ana ce masa Alhaji Sale Mai-Citta. Da cinikin busasshiyar citta ya yi arziki. Da ya tashi gina gida sai ya ce shi ba zai yi rufin kwano ba, kwano na kowa ne. Ya sa aka kawo masa rufi daga ƙetare, fale-falen kwalta ne da aka manna wa jar tsakuwa ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya rufe gidan da shi. Abin da ya rage ya rufe siton da yake tara citta a bayan gida, don a san har saura ya yi. Duk baƙon da ya zo sai ya tsayar da shi a ƙofar gida ya ce, "Ɗaga kanka ka gani. Shekara talatin ba ɗigo."

Damina huɗu ta wuce, rufin ya yi baƙi. Gansakuka da fumfuna suka bi shi layi-layi daga sama har baki, musamman gefen da mangwaro ya yi wa inuwa. Ga walimar auren ɗansa saura kwana shida, ga manyan 'yan kasuwa za su zo daga nesa.

Ya aika aka kira Nomau. Nomau tsohon kafinta ne, shekara arba'in yana hawa rufin mutane, ba a taɓa kiransa gyaran aikin da ya yi da hannunsa ba. Ya hau, ya shafa, ya sauko.

"Zai fita, Alhaji. Amma ba a kwana shida ba."

"To a kwana nawa?"

"Zan surka bilic na wanki da ruwa. In jiƙa shukokin da ke ƙasa kada su ƙone. In yayyafa daga sama zuwa ƙasa da safe, kafin rana ta yi zafi. In bar shi kamar tsawon cin tuwo, in ɗauraye a hankali. Abin zai mutu a ranar. Wanke gawarsa kuwa aikin ruwan sama ne, sati uku ko huɗu. Kuma a sare rassan mangwaron nan."

"Sati huɗu? Baba Nomau, baƙi nake da su ran Asabar. Sa buroshi ka dirje."

"Ba na dirzawa. Tsakuwar nan ita ce fatar rufin. In ta tafi, rufin ya tafi."

Washegari Nomau ya yi yadda ya faɗa a kan babban gidan. Baƙin rufin ya koma toka-toka, bai fita ba. Alhaji ya fito ya ɗaga kai ya yi tsaki. Ya ce, "Wannan ne aikin? Da matan gida na ba omo da sun fi ka. Kwashi tarkacenka." Nomau ya kwashe kayansa ya tafi, bai kai ga taɓa rufin siton ba.

Ran Alhamis da hantsi Alhaji ya sa direbansa Hashimu ya ɗauko masu wankin mota daga wata tasha a wajen gari, da injinsu mai feshin ruwa da ƙarfi. Hashimu kuwa surukin Nomau ne, shi ke auren 'yarsa ta fari. Suka yini suna feshi. Da la'asar rufin ya yi ja kamar sabo. Ran Asabar baƙi suka zo suka ɗaga kai suka yaba. Ana tsakiyar cin abinci hadari ya haɗo, ruwa ya sauka. Ya bi ta ƙarƙashin fale-falen da injin ya ɗaɗɗaga, ya cika silin, silin ya ɓalle ya faɗo a kan shinkafar baƙi.

Mutum irin Alhaji ba ya cewa ni na yi. Kafin sati ya zagayo duk kasuwa ta ji cewa Nomau ya tsufa, ya zuba wa rufin Alhaji guba ta cinye shi. Alhaji ya kai ƙara wurin Sarkin Magina.

A al'adar garin, maganar gini da rufi ba ta zuwa gaban alƙali sai ta bi ta hannun Sarkin Magina. Wanda aka kama da ɓata rufin mutum kuwa, a karɓe gudumarsa da tsaninsa, kuma ba ya sake hawa rufin kowa a garin har ya mutu. Sarkin Magina na lokacin sunansa Bawa. Dattijo ne mai ƙarancin magana.

Aka taru a zaurensa. Alhaji ya faɗi nasa da doguwar magana. Aka ce Nomau ya faɗi nasa.

"Ranka ya daɗe, bilic ba ya cin kwalta. Inji aka sa. Na bi ta bayan gidan na ga tsakuwar rufin kwance a kwata kamar an zubar da gero."

"Ka ga injin da idonka?"

"Ban gani ba."

"Kana da wanda ya gani?"

"Unguwa duka ta ji ƙararsa."

Aka kira maƙwabta shida. Unguwar nan kuwa ba ta da ruwa sai burtsatsen da Alhaji ya haƙa a ƙofar gidansa. Na farko ya ce yana gona. Na biyu ya ce kunnensa ba ya ji sosai tun bara. Na uku ya ce ya ji ƙara, amma ya ɗauka injin niƙa ne. Haka har na shida. Sannan aka kira Hashimu. Ya durƙusa nesa da surukinsa, kansa a ƙasa.

"Hashimu, ka ɗauko masu inji?"

"Ban ɗauko kowa ba, ranka ya daɗe."

Nomau ya dube shi. Ya ce, "Hashimu."

"Ka yi haƙuri, Baba. Abin da na sani ke nan."

Wani daga cikin dattawan da ke zauren ya ce a kawo Alƙur'ani su rantse. Sarkin Magina ya ce a'a. Ya san za su rantse, kuma ba ya son mutum bakwai su halaka a zaurensa saboda bokitin ruwa. Ya juya wurin Alhaji.

"Alhaji, kai ka san injin nan da ake faɗa?"

"Ina ganinsa a tasha ana wanke mota. Amma a kan rufi? Ban taɓa gani ba, ban san ma ana yi ba."

"Kowa ya ji?"

Aka ce an ji.

Sarkin Magina ya ce a tashi a je gidan. Ya zagaya shi da sandarsa. Ya tsaya a bakin kwata, ya tona da kan sandar, ya duba. Ya zaga baya ya tsaya gaban siton, wanda rufinsa ke nan baƙi ƙirin.

"Me ke ciki?"

"Citta ce, buhu ɗari huɗu. Ina jira ta yi tsada."

"Allah ya kawo kasuwa. Gobe da hantsi kowa ya zo nan. A nan zan yanke."

Washegari jama'a suka cika bayan gidan. Sama ta yi nauyi, ana ganin ruwa zai sauka kafin azahar. Sarkin Magina ya zauna a kan kujerar da aka kawo masa, ya ce:

"Mutum bakwai sun yi shaida, mutum ɗaya ya musa. Ba ni da ikon ƙin bakwai in ɗauki ɗaya. Nomau, ajiye gudumarka."

Nomau ya ciro gudumar daga buhunsa ya ajiye a ƙasa. Alhaji ya gyara zaman babbar rigarsa.

"Sai dai da sauran magana," in ji Sarkin Magina. "Alhaji ya kira ɗanmu aiki, ɗanmu ya ɓata rabi ya bar rabi. Kunyar ta magina ce duka. Ba za mu bar siton Alhaji da baƙin rufi ba. Mu za mu wanke shi yau, kyauta. Tunda magani ne ke cin rufi, ba za mu sa magani ba. Ruwa zalla. Ruwa ba ya ɓata komai."

Ya ɗaga sanda. Sai ga mutum biyu sun turo injin wankin mota a baro, da dogon tiyo.

Fuskar Alhaji ta canza. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba, ranka ya daɗe, ai ba sai an wahala ba. Na yafe."

"Kai ka yafe, mu ba mu yafe wa kanmu ba. Ku kafa tsani."

"Sito ne fa. Wa ke kallon sito?"

"Mu muna kallo. Hau."

"To a bari sai rani."

"Hukunci ba ya jiran rani. Ku tayar."

Aka ja igiya, injin ya ɗauka. Mutumin da ke sama ya saita bakin tiyon a kan layin farko. Alhaji ya dubi sama ya ga hadari, ya dubi ƙofar siton. Ruwan ya fito da ƙara. Sai Alhaji ya zabura, hularsa ta faɗi, ya ruga ya riƙe tsanin da hannu biyu yana ihu:

"Kashe! Ku kashe shi! Zai kwashe tsakuwar ya ɗaga rufin kamar wancan! Cittata za ta yi fumfuna!"

Aka kashe.

Sarkin Magina ya ce, "Kamar wanne, Alhaji?"

Alhaji ya saki tsanin.

"Jiya a gaban jama'a ka ce ba ka taɓa ganin inji a kan rufi ba. Yau ka san yana kwashe tsakuwa, ka san yana ɗaga rufi. A ina ka koya tsakanin jiya da yau?"

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki hularsa.

"To ga hukunci. Nomau, ɗauki gudumarka, hannunka wankakke ne. Alhaji, ka ɓata rufinka, wannan naka ne, ba ruwan kowa. Amma ka ɓata sunan mutum, wannan ba naka ba ne. Ba magini ko kafinta na garin nan da zai taka rufinka sai ka tsaya a kasuwar da ka faɗi ƙarya ka faɗi gaskiya. Ku bakwai kuwa, ban sa ku rantsuwa ba. Ku je ku gode wa Allah."

Jama'a suka watse suna cewa ba a taɓa ganin hikima irin wannan ba. Sun yi kwana biyu suna faɗa.

Alhaji bai je kasuwa ba. Ya kawo kafintoci daga wani gari suka sake masa rufi. Ya sa kwaɗo a burtsatse, ya ce injin burtsatsen ya lalace. Kwana arba'in matan unguwa suna tafiya rafi da tulu, kuma ba sunan Alhaji suke kira a hanya ba. Nomau suke zagi, suna cewa, "Tsohon nan da taurin kai. Da ya yi shiru da me zai ragu?" Aka kori Hashimu daga aiki, don Alhaji ya ce shi ya kai gulma. Hashimu ya zo zauren surukinsa ya durƙusa.

"Baba, yara ne suka sa. Ka yafe mini."

"Na yafe. Tashi."

"Baba, ko za ka je ka ba Alhaji haƙuri, ko ya mayar da ni?"

Nomau ya kawar da kai. Ya ce, "Gaishe da mutanen gida."

Daga nan ba wanda ya hana Nomau hawa rufi, kuma ba wanda ya kira shi. Mai son sayar wa Alhaji citta ba ya so a ga Nomau a kan gidansa. Mai ɗiban ruwa ma haka. Wata rana Sarkin Magina ya same shi zaune a ƙofar gida, ya ce, "Nomau, na yi iyakar abin da ke hannuna."

"Ka yi, ranka ya daɗe. Ka fitar da gaskiya daga bakin mutum ɗaya. Sauran garin fa?"

Sarkin Magina ya ɗauki sandarsa ya tafi. Da kaka ta yi, Nomau ya sayar da tsaninsa ya koma ƙauyen da aka haife shi, inda rufin kowa ciyawa ne.

Mai hikima yana iya sa maƙaryaci ya tona kansa a hantsi guda. Amma garin da ke shan ruwa a hannun maƙaryaci zai yafe masa ƙaryar, wanda aka yi wa ita ne ba zai yafe wa ba.