Mutumin da Ya Rage Gudun Inji

Akwai wani mutum, ɗan wasan besbol, wato wasan da ake jefo wa mutum ƙwallo shi kuma ya buge shi da gora. Da wannan wasa yake ci da iyalinsa. Wata rana ƙwallo ya same shi a gefen ido, ya faɗi sumamme. Raunin ya warke, amma tsoro ya zauna a zuciyarsa. Ko tattabara ce ta gifta ta kusa da kansa, sai ya sunkuya.

Kocin ƙungiyarsu, wani dattijo, ya kai shi gaban injin da ke harbo ƙwallo don a koyi bugu. Ya zuba ƙwallayen roba a ciki, ya saita shi a kan gudu mai ƙarfi, ya ce, "Ɗana, tsaya nan kullum. Buɗe idonka, ka dubi ƙwallon har ya iso. In ya same ka, zafi ne kawai, roba ce."

Mutumin ya ce, "To, Baba."

Amma da injin ya harbo na fari, ya ji iskarsa a kunne, sai ya sunkuya. Da dattijon ya juya baya, sai ya lallaɓa ya rage gudun injin. Haka ya riƙa yi kowace rana. Ƙwallo na zuwa a hankali, yana bugawa, masu wucewa suna cewa, "Kai, gwani ya dawo!"

Ranar gasa ta zo. Matarsa da 'ya'yansa suna cikin 'yan kallo. Mai jifa ya saki ƙwallo na gaske, mai tauri kamar dutse, ya kuwa kuɓuce masa, ya nufo kan mutumin. Da yana kallo, da ya kauce. Amma ya rufe ido, ya sandare wuri ɗaya. Ƙarar karyewar muƙamuƙinsa har 'yan kallo sun ji ta.

Sai a lokacin dattijon ya gane mutumin ya riƙa rage gudun injin. Ya durƙusa kusa da shi yana hawaye, ya ce, "Wayyo ɗana, da ka bar robar ta koya maka!"

Ma'anar wannan misali ita ce, injin nan shi ne ƙananan gwaje-gwajen da Ubangiji yake bari su same mu: tsawatawar iyaye, faɗin gaskiya lokacin da ƙarya ta fi sauƙi, neman gafarar wanda muka ɓata wa rai. Suna da zafi, amma ba sa kisa. Allah yana horar da mu ne domin yana ƙaunarmu. Wanda yake guje musu a ɓoye, mutane za su yaba masa, shi ma ya ruɗi kansa. Amma 'yan'uwa, babbar rana tana zuwa, ba kuwa za ta tambaye ka ko ka shirya ba. Wanda yake da kunnen ji, bari ya ji tun yau.