Bushiya da Jan Zoɓorodon Dila

Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso bakin ƙofa.

"Ta shigo mu ji ta, Iya!"

To, ku gyara zama. Kai Tanko, rufe bakinka idan za ka yi hamma, ba na maimaita magana.

Wata Bushiya ce, sunanta Tasalla, tana zaune da uwarta tsohuwa a gindin wata tsamiya. Tasalla ita ce 'yar fari. Kun san al'ada: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta doguwar hira da shi. Idan tsohuwa tana da magana, sai ta juya wajen randar ruwa ta ce, "Randa, ki gaya wa wance abinci ya nuna." Haka suke tun Tasalla tana goye.

Ana nan, ana nan, ciwo ya kwantar da tsohuwa. Tuwo ba ya shiga. Fura ba ta shiga. Rannan ta dubi randa ta ce, "Randa, ki gaya wa wance, abu ɗaya nake marmari kafin in tafi. Zoɓorodo irin na garinmu, mai tsamin da ke tsinka yawu."

Tsohuwar nan ta san zoɓo kamar yunwar cikinta, amma kunya ba ta taɓa barinta ta zaunar da 'yarta ta koya mata ba. Ita ma 'yar kunya ta hana ta tambaya.

Ranar kasuwa Tasalla ta ƙulle 'yan kuɗinta na wuri a bakin zane, ta kama hanya. A kasuwar nan akwai doka tun ta kakanni: mai sayen zoɓo yana da ikon ɗaukar ƙwaya ɗaya ya tauna kafin ciniki. Tasalla ta sani, amma ta ce a ranta, "Mai ɗan abin hannu kamar nawa, ina shi ina neman ɗanɗano? Sai a ce kwaɗayi ya kawo ni."

Dila ya hango ta daga rumfarsa. "Maraba da 'yar gidan girma! Dubi ja, ƙanwata, kamar garwashi. Irinku ba ku taunawa, da ido kuke saye."

Ta ji daɗin maganar. Ta saya.

Ta jiƙa, ta tace, ta sa citta da kanumfari, ta kai wa tsohuwa a ƙwarya. Tsohuwa ta kurɓa, ta ajiye. Ta ce, "Randa, ki gaya wa wance Allah ya yi mata albarka. Ja kam ya yi ja." Ba ta ƙara kurɓa ba.

Kasuwa ta zagayo. Tasalla ta koma wajen Dila, kanta a sunkuye.

"Ai laifina ne," in ji Dila. "Wancan na talakawa ne. Ga wanda ake kai wa fada. Amma fa ba na wuri ba ne, sai dai ki bar zanen nan na kafaɗarki."

Ta dubi zoɓon, ya fi na farko ja. Hannunta ya miƙa zai ɗauki ƙwaya, kunya ta janye shi. Ta tuɓe zanen. Ta saya.

Ta jiƙa, ta tace, ta sa citta da kanumfari har da zuma. Tsohuwa ta kurɓa, ta ajiye. Muryarta ta yi ƙasa. "Randa, ki gaya wa wance Allah ya yi mata albarka. Zuma kam ta ji." Ba ta ƙara kurɓa ba.

Ke Lantana, bar wasa da tabarma. Nan ne inda ake so ki saurara.

Kasuwa ta sake zagayowa. Abin da ya rage wa Tasalla bai kai ta tsaya a gaban rumfa ba, sai ta bi ta bayan kasuwa, inda masu kasa kaya a ƙasa suke. Can ta tarar da tsohon Kunkuru da ɗan faifai a gabansa. Zoɓonsa ƙanana ne, sun yamutse, sun yi duhu kamar za su yi baƙi.

"Tauna, jikata," in ji Kunkuru.

"Kaka, abin hannuna kaɗan ne."

"Na tambaye ki abin hannunki? Harshe ba ya biyan haraji. Tauna."

Ta tauna. Tsami ya kama ta har cikin kunne, yawu ya tsinke, hawaye ya zubo. Ta kwashe labari duka ta gaya masa.

Kunkuru ya girgiza kai. "Na Dila wanda aka riga aka jiƙa ne, aka shanye ruwansa. Shi yake bi gida gida yana tsince tukar, ya shanya, ya rina da karan dafi, irin wanda dukawa ke rina fata da shi. Zoɓon kirki ba ya ƙyalli, jikata. Jansa a ciki yake. Uwarki ba ta gaya miki ba?"

"Ba ta gaya mini ba. Ni ma ban tambaya ba."

Ya auna mata, ya ƙara mata gyara. Hanyar gida kuwa ta gaban rumfar Dila ta bi, ga Ɓauna, Sarkin Kasuwa, yana zagayawa. Tasalla ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, Dila ya ce wannan ne zoɓon da ake kai wa fada. Bai kamata ka wuce ba ka ɗanɗana ba."

Dila ya ce, "Haba, manya ai da ido suke..."

Ɓauna ya riga ya cika baki. Ya tauna, ya tauna, ba tsami ba ƙamshi, sai harshe ya rine kamar jakar dukawa. Ya sa aka bincika bayan rumfa, aka sami tukunyar rini, aka juye wa Dila a gadon baya. Shi ya sa har yau gashin dila yake da ja ja.

Tasalla ta karɓi zanenta, ta yi gida a guje. Ta jiƙa a ruwan zafi, ta tace. Ruwan ya fito ja mai duhu, ƙamshinsa ya cika gindin tsamiya. Ta tallafo kan tsohuwa, ta kai mata ludayi baki.

Tsohuwa ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Ba ta juya wajen randa ba.

"Tasalla," in ji ta. "Shi ne. Na gane shi da ido. Amma ciwo ya riga ya kashe mini harshe, ruwa kawai nake ji. Da na koya miki tun kina ƙarama."

"Da na tambaye ki, Inna."

Wannan ce hirarsu ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe. Kafin zoɓon ya huce a ƙwarya, tsohuwa ta cika.

Tun daga ranar, duk wanda ya tunkari bushiya, sai ta dunƙule ta ɓoye fuskarta. Mutane suna cewa tsoro ne. Ba tsoro ba ne, nadama ce.

Kunya ado ce, yara, ban ce ku yar da ita ba. Amma kunyar da ta hana yaro tambaya, ta hana babba koyarwa, asara ce, kuma ba a gane ta sai rana ta faɗi. Mai ɗan abin hannu shi ya fi kowa bukatar ɗanɗanawa kafin ya saya.

Ƙurunƙus, tatsuniya ta naɗe kamar bushiya. Idan akwai ƙarya a ciki, ku tuhumi Gizo, ni yadda na ji na faɗa.