Injiniya da Muryar Inna

Na rantse ko na dafa kan kakata ba za ku yarda da wannan labari ba, musamman ku da kuka buɗe ido kuka tarar da waya a tafin hannu. Amma an yi wani zamani da kwamfuta take da ƙeya kamar tulu, ana lulluɓe ta da mayafi idan an gama aiki, kuma ba a kunna ta sai an wanke hannu. A wannan zamanin aka yi wani saurayi, autan gidansu, da ake ce wa Injiniya.

Ba karatun injiniya ya yi ba. Makarantar ma a tsakiya ya ajiye ta, wai malaman ba su da sauran abin da za su koya masa. Abin da Allah ya hore masa shi ne baki, da tsokana, da kwaikwayon muryar mutane. Yakan tsaya bayan ƙofa ya yi muryar mai gidan haya, har Baba ya fara neman hularsa.

Babban wansu ne ya kawo kwamfutar kafin aiki ya kai shi nesa. Aka ba ta tebur a falo, kusa da keken ɗinkin Baba da ya daina aiki. A makon da ta zo, wan nasu ya jona mata ɗan makirfo ya zaunar da Inna, ya ce ta yi magana. Ta yi ta magana tana dariya. Shekara ba ta zagayo ba Inna ta rasu, ya zama duk duniya babu inda muryarta ta rage sai cikin wannan akwati. Kullum da la'asar Baba yakan ja kujera, Yaya, wadda ke aikin jinya, ta kunna masa, ya rufe ido ya saurara.

Injiniya kuwa ya lura da abu guda: duk ranar da kwamfuta ta yi gardama, ba a yi masa zancen komawa makaranta. Sai ya shiga ƙirƙiro mata ciwo. Yau ya rage sautin har ƙasa. Gobe ya sassauta wayar bayan allo, hoto ya koma ruwan hoda. Wata rana ya danna maɓallan da ke juya fuskar allo, Baba ya tarar da hoton Inna da ke kan allon kai a ƙasa. Wanda ya fi so shi ne na maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. Na lokacin akwai ƙwallon roba a cikinsa; idan ka cire ka sa a aljihu, ko ka ja shi har gobe kibiyar allo ba za ta motsa ba.

Daga nan sai a aika a kira shi. Yakan shigo yana naɗe hannun riga, ya kara kunne a jikin akwatin.

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Baba, ta ce zazzaɓi ne. Kowa ya juya baya, ba ta son ido."

Su juya, ya mayar da ƙwallo, ya buga tebur sau ɗaya. Baba ya tura masa tsokar da ke kwanonsa yana cewa, "Yaron nan da ya tsaya a makaranta da yanzu jirgi yake ƙerawa." Yaya ta harare shi ta ce, "Abin mamaki, ba ta taɓa ciwo ranar da ba ka gida." Shi kuwa da muryar Inna ta fara fitowa, sai ya ɗauki namansa ya fice, ya je ya ba abokai labarin yadda ya ceto inji daga mutuwa.

Wata rana da hantsi ya zare ƙwallon kamar yadda ya saba, ya tafi yawonsa yana jiran aike. Aiken ya zo, amma da ya shigo sai ya tarar da abin da bai shuka ba. Allon baƙi ƙirin, da ɗan rubutun Turanci fari a sama, kwamfuta ta ƙi wucewa daga nan.

Gabansa ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba. "Wannan babban ciwo ne," ya ce. "Sai tiyata."

"Tsaya mu karanta abin da ta rubuta," in ji Yaya. "Kamar tana maganar faifai. Jiya na sa ɗan faifaina na wurin aiki, ko shi ne?"

"Yaya, ina shiga miki ɗakin allura? Ki bar wa masu abu abinsu."

Baba ya taɓa kafaɗarsa. "Auta, in abin ya fi ƙarfinka mu jira wanka ya zo hutu. Ka san abin da ke ciki."

Da ya ce bai sani ba, da labarin ya ƙare a nan. Amma mutumin da aka yi shekara ana kira Injiniya, ta ina zai fara? Ya ɗauko faifan sidi da ya zo tare da kwamfutar, wanda ya taɓa ganin wansa ya yi aiki da shi. Ya sa babban yatsa ya fitar da ɗan faifan Yaya ya jefar a tebur, ko kallonsa bai yi ba. Ya zura sidi, ya sake kunnawa, ya hau danna maɓallai. Allo ya koma shuɗi, ya cika da rubutu. Kwamfuta ta yi tambaya, ya danna. Ta sake tambaya, da alama tana cewa ka tabbata, ya danna. Bai karanta layi ɗaya ba, don kada a ga leɓensa yana haɗa baƙi.

Wani layi ya fara cika a hankali. Injiniya ya harɗe ƙafa. "Jini nake ƙara mata," ya ce.

Can da la'asar kwamfuta ta tashi da ɗan kiɗanta, tas kamar ranar da aka kawo ta. Sai dai inda hoton Inna yake, yanzu wani koren tudu ne da gajimare.

"Ina innarku?" in ji Baba.

"Tana ciki, Baba. Yanzu zan fito da ita."

Ya ja maus, kibiya ba ta motsa ba. Ya sake ja. Sai a lokacin ya tuna abin da ke aljihunsa. Ya ɗaga kai don ya ce kowa ya juya baya, ya ga idon Baba a kan koren tudun nan, sai ya fasa. Shi kansa yanzu so yake ya san ko tana ciki. Ya sa hannu a aljihu, a gabansu, ya fito da ƙwallon, ya buɗe cikin maus ya mayar.

Ya buɗe nan, ya buɗe can. Ko'ina wayam.

Yaya ta ɗauki ɗan faifanta ta mayar, ta sake kunna kwamfutar. Baƙin allon nan ya dawo da rubutunsa. Ta karanta a hankali: a cire faifai, a danna kowane maɓalli. Ta cire, ta danna, kwamfuta ta tashi.

"Ka ga ciwon," ta ce. "Tun da ka sa yatsa ka fitar da shi ka gama gyara. Sauran duk rushewa ka yi."

Washegari suka kai akwatin wurin mai gyara. Ya yi iya yinsa, ya ce sabon tsarin da sidin ya zuba ya hau kan tsohon, har da muryar Inna, babu abin da zai dawo.

Injiniya ya zaci duka, ko kora. Da la'asar ta yi sai Baba ya ja kujerarsa inda ya saba, ya ja wata kusa da ita, ya kira shi.

"Zauna. Kai ne mai muryar kowa a gidan nan. Ka ɗauke mini tata, sai ka biya ni. Faɗa mini abin da take cewa."

Injiniya ya gyara murya, sai ga ta Inna sak: "Ya fara? To ni me zan ce wa akwati?"

Baba ya rufe ido. "Ci gaba."

Iyakar abin da Injiniya ya sani ke nan, domin daidai nan yake ɗaukar namansa ya fice.

"Ba ka taɓa tsayawa ba," in ji Baba. "To bari in gaya maka. Daga nan sai ta yi dariya, ta ce hulata ta karkace. Sai ta bi ku ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kanka ta ce, Autana yana da kai, rawar kan ce ta yi yawa, ku yi mini haƙuri da shi, zai zama mutum." Ya buɗe ido. "Maimaita. Gobe ma nan za ka zo, da jibi, har sai ka iya duka."

Injiniya ya buɗe baki, amma a karon farko a rayuwarsa murya ta ƙi fita.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Idan na'ura ta yi gardama, ka fara karanta abin da ta rubuta, ka tambayi abin da aka taɓa ko aka sa mata na ƙarshe, kuma kada ka amsa tambayar da ba ka gane ba. Abin da ba ka da madadinsa, ka ajiye kwafinsa a wani wuri tun yau. Sannan wanda ya saba ƙirƙirar matsala don a yabe shi, ranar da ta gaskiya ta zo kunya ba za ta bar shi ya ce bai sani ba, alhali faɗin hakan bai taɓa goge komai ba.