Fitilar da Ba Ta Haska Fuska

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun lokacin da ba a san wutar lantarki ba. Sunansa Malam Ilu. Sana'arsa ƙirar gwangwani, ya yi mazurari, ya yi ludayin awon mai, ya liƙe butar da ta huje. Ba shi da dukiya, amma yana da wata ɗabi'a guda. Kullum in an sallame magariba, akushin tuwo na fitowa zaurensa, duk wanda ya shigo ya wanke hannu ya sa.

To ku saurara, don a kan fitilar zauren nan maganar take. Fitilar ƙwai ce tsohuwa, ya ɗaura mata igiya daga azara ta sauko ƙasa ƙasa, har ta kusa taɓa akushin. Sannan ya ƙera mata hula ta gwangwani mai faɗi da zurfi, ya kifa mata. Sai ya zama hasken duk a kan tuwo yake zuba. Kana ganin miya, kana ganin hannuwa, amma daga kafaɗa zuwa sama kowa na cikin inuwa. Kowace la'asar shi da kansa yake sauke ta, ya goge ƙwan da toka da tsumma, ya datse lagwani, ya zuba kananzir, ya mayar da ita daidai inda take, ba ya ƙara mata ko taƙi ɗaya.

Mutanen gari, kun san halinmu, suka yi ta yi masa tsiya. Wai Malam Ilu ya iya kyautar tuwo amma yana rowar haske, wai a zaurensa sai ka kai loma hanci. Shi dai murmushi kawai yake yi.

Ga dalilin da bai taɓa faɗa musu ba. Akwai wani dattijo a unguwar, ana ce masa Madugu Jatau. A zamaninsa shi ke jan ayarin fatake, rabin garin sun ci a gidansa. Sai duniya ta juya masa baya, jakuna suka ƙare, 'ya'ya suka riga shi gidan gaskiya, ya rage daga shi sai tsohuwar matarsa da ba ta iya tashi. Mutum irin wannan ya gwammace ya kwana da yunwa da ya buɗe baki ya roƙa. Bayan magariba sai ya biyo ta zauren Malam Ilu, ya yi sallama kamar gaisuwa ce ta kawo shi, a ce masa bismilla, ya ce to don kada ya ƙi tayi. Ya zauna can gefen bango. Yana ci yana gutsuro tuwo yana sakawa cikin wata 'yar ƙwarya a ƙarƙashin babbar rigarsa, ya kai wa tsohuwa.

Kada wani ya ce mini ai an san shi ne. An sani mana! Wa bai san muryar Madugu ba? Amma tunda ido bai haɗu da ido ba, kowa na iya yin kamar bai sani ba, shi ma yana iya yin kamar ba a sani ba. Da wannan inuwar dattijon nan da matarsa suke rayuwa, kuma dominsa Malam Ilu ya ƙera hular.

Malam Ilu yana da ɗan fari, Sanda, wanda ya tafi kudu neman kuɗi tun yana saurayi. Allah ya buɗa masa, ya dawo ganin gida. Yana shiga gari ya ji ana yi wa zauren ubansa dariya, abin ya sosa masa rai. Yaron kirki ne, ba don fariya ya yi ba. Ya ciro wata fitila da ya zo da ita, irin wadda ake yi wa famfo ta ba da haske fari fat, ya ajiye gaban uban ya ce, "Baba, ga wannan a rataya a zaure. A sa ta can sama, kowa ya ga abin da yake ci."

Nan ne jarrabawar ta zo. Kun san kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi Sanda, Malam Ilu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama ya yi doguwar magana da shi ba, sai dai "yaron nan". Yanzu ta yaya zai zaunar da shi ya warware masa zancen? Kuma in ya warware, ya tona asirin Madugu. In ya ƙi karɓa, ya karya zuciyar ɗan da ya yi masa alheri. Sai ya kau da kai ya ce, "Madalla. A ajiye tukuna."

Ya shiga gida ya ce wa matarsa Tabawa ta gaya wa yaron nan kada ya taɓa fitilar zaure. To ita Tabawa kunyarta ta ninka tasa, in Sanda ya shigo ta ƙofa ita ɗaki take shigewa. Uba ya jingina da uwa, uwa ta yi shiru, saƙo ya mutu a tsakar gida.

Shi kuwa Sanda ya ɗauka "a ajiye tukuna" kawaici ne irin na manya. Ran nan Malam Ilu ya tsaya nafila bayan magariba, sai ɗan ya kwance tsohuwar fitila, ya rataya sabuwa can kusa da azara. Ya bari sai da mutane suka zauna, aka fara ci cikin ɗan hasken da ya rage a ƙofa, don yana so ya ba su mamaki. Sannan ya kunna.

Zaure ya haske kamar tsakar rana. Hannun Madugu na ƙarƙashin riga, ga ƙwarya, ga tuwo a ciki, ga facin rigar, ga ƙashin wuyansa duk a fili. Sanda, cikin murna da ladabi, ya durƙusa ya ce, "A'a, Baba Madugu, ashe kana nan? Bari a kawo maka kwano, a zuba maka na gida daban."

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya sunkuyar da kai, kuma wannan sunkuyawar ta fi dariya ciwo. Madugu ya juye tuwon ƙwaryar cikin akushi, ya wanke hannu, ya ce dama gaisuwa ya shigo yi. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Malam Ilu, wanda ya hango hasken tun daga masallaci ya taho da sassarfa. Ya makara.

Washegari Malam Ilu ya mayar da tsohuwar fitila, ya zuba tuwo a kwano ya rufe, ya nufi gidan Madugu da kansa. Dattijon bai fito ba. Daga bayan asabari ya ce, "Malam Ilu, ban ƙi tuwonka ba, Allah ya saka maka. Amma ni da inuwar nan nake haɗiye shi. Ko ka mayar da fitilar, idon da ya gani ya riga ya gani."

Kafin kasuwa ta zagayo ya nemi aron jaki, ya ɗora tsohuwarsa, suka tafi wani ƙauye inda ba a san shi ba. Damina ba ta faɗi ba labarin rasuwarsu ya iso, ita ta fara, shi ya bi.

Malam Ilu bai yi wa ɗansa faɗa ba ko sau ɗaya. Ya san yaron alheri ya nufa, ya san bakin da ya yi shiru nasa ne. Ranar da labarin ya zo, da la'asar, yana goge ƙwan fitila hawaye na zubo masa, ɗan ya zo wucewa. Ya ɗaga kai ya ce, "Sanda, zo ka zauna." Ranar ce ya fara kiran sunansa. Ya gaya masa komai, maganar da da ya faɗe ta tun farko ba ta kai tsawon alwala ba. Har Malam Ilu ya koma ga Allah ba wanda ya sake zama a gefen bangon nan, kuma bayansa Sanda ya ci gaba da rataya fitilar ƙasa ƙasa, da hularta.

Jama'a, ciyarwa ba ta cika sai da rufin asiri. Tuwo na cika ciki, amma in ka haɗa shi da tozarci ka karɓi abin da ya fi wanda ka bayar. Yau ga mu da ƙwayayen lantarki, muna zagaya kasuwa muna zaɓen wanda za mu rataya saman teburin cin abinci, muna ta tambayar wanne ya fi haske. Ba laifi. Amma wa ya taɓa tambayar wa hasken zai kama? Mu ba da mudun shinkafa, mu ɗaga waya mu ɗauki fuskar mai karɓa, mu watsa wa duniya. Sannan in akwai wata magana da ɗanka ke bukatar ji, ka kira shi yau ka faɗa masa, kunya ba za ta amsa maka tambaya gobe ba. Kowa a cikinku yana da Madugunsa a unguwa, kuma kun san shi. In ya shigo gaisuwa, ku haska masa akushi, ku bar masa fuskarsa. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.