Ɗaɗɗoyar Afaf a Gwangwanin Man Shanu

Akwai wani dattijo a unguwarmu ta Muharram Bey, a Iskandariya ta ƙasar Masar, sunansa Ramzi Tadrus, amma kowa Abu Mina yake ce masa. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai tsari, mai taurin kai. Tun muna yara a makarantar mishan na san shi, ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Matarsa Afaf ta rasu a tsakiyar sanyi. Kafin ta cika, ta damƙa masa wani ɗan ƙulli. Irin ɗaɗɗoya ne da ta gada wajen mahaifiyarta, daga ƙauyensu can kudu. Duk shekara takan shuka ta tara iri, amma shekarar ciwonta ba ta iya ba. Abin da ya rage bai cika cokalin shayi ba.

Ta ce masa, "Ranar arba'in ɗina, ka dasa mini ita a kabarina. Ba na son ta kasuwa."

Ya yi mata alkawari.

Da aka gama karɓar gaisuwa, ya samo gwangwanayen man shanu guda uku, ya wanke su tas, ya cika da ƙasa, ya juye irin duka. Ko ƙwaya ɗaya bai ajiye ba.

Bai huda gindin gwangwanayen ba, kuma da gangan ne. A hawan da ke ƙarƙashin nasa akwai wata mata, Ummu Hisham. Shekarun baya ruwan tukwanen Afaf ya ɗiga daga baranda ya ɓata mata farin zanin gado da ta shanya, aka yi cacar baki har maƙwabta suka leƙo. Ranar Abu Mina ya rantse ko ɗigo ɗaya ba zai ƙara sauka daga gidansa ba, kuma ya daina gaishe ta.

Ya jera gwangwanayen a kan teburin falo, saboda iskar teku a wannan lokaci ba ta barin tsiro a baranda. Tagogin katako kuwa duk a rufe suke, yadda iyayenmu ke yi in ana makoki. Safe da yamma yana ba su ruwa. Ba shi da wani abin da zai ƙara yi wa Afaf sai wannan, don haka ya yawaita.

Irin ya tsiro. Da farko ya yi murna. Amma tsiron ya riƙa miƙewa siriri kamar zare, fari fat, duk ya karkata wajen 'yar tsagar taga. Wata safiya ya tarar da na gwangwanin farko sun kwanta gaba ɗaya, gindinsu ya yi baƙi ya tsinke.

Ya ce a ransa ƙishirwa ce. Ya ƙara ruwa.

Ranar da hantsi aka ƙwanƙwasa. Ummu Hisham ce da kwanon miyar lalo da shinkafa. Tun rasuwar take aiko abinci yana mayarwa, yau ta hawo da kanta.

"Na ƙoshi," in ji shi.

"Ka ƙoshi da me, Abu Mina? Wandonka ma ya gaji da riƙe ka. Matsa in ajiye, hannuna na ƙuna."

Ta wuce shi ta shiga. Tana ajiye kwanon ta tsaya, ta ja hanci.

"Wannan wane wari ne? Kwata ce ta fashe?"

Sai idonta ya kai kan teburin. Ta matsa, ta duƙa, ta daɗe tana kallo.

"Ɗaɗɗoyar Afaf ce wannan?"

"Ba ruwanki."

"Da sauran iri?"

Ya kau da kai. Ta ɗaga gwangwanin da ya mutu, ta leƙa gindinsa, sannan ta karkata shi a kan faranti. Wani baƙin ruwa mai tsami ya zubo.

"Innalillahi. Kai shuka kake yi ko jiƙa wake? Ina ramin da ruwa zai fita? Saiwa ma numfashi take yi, ka nutsar da su a duhu kamar 'yan kurkuku."

"Ke ce za ki yi mini maganar rami? Ke da kika tara mana unguwa a kan zanin gado?"

"Zanin gadon ya zama tsumma tun kafin ɗana Hisham ya yi aure! Ni da Afaf ko wata ba mu yi ba muka shirya. Duk Talata in ka tafi gidan shayi, a kicin ɗina take zama muna gyaran shinkafa. Faranti kawai ta sa a ƙarƙashin tukwanenta magana ta ƙare. Kai kaɗai kake ta gaba da bene."

Fuskarsa ta canza. Ya nuna mata ƙofa.

"Fita. Ba a buɗe taga a gidan makoki, kuma ba ke za ki koya mini riƙon amanar matata ba."

Ta gyara mayafinta. A bakin ƙofa ta juyo, muryarta ta yi ƙasa.

"Ka ci mutuncina, na yafe, baƙin ciki ne. Amma waɗancan ba za su jira ka huce ba."

Bai ci abincin ba. Ruwan yamma dai bai ba su ba, amma bai huda komai ba, bai kuma buɗe komai ba.

Washegari gwangwani na biyu ya kwanta. A na ukun ma rabi sun faɗi. Waɗanda ke tsaye ba su fi yatsun hannu ɗaya ba, su ma sun sunkuya. Arba'in ta kusa, kuma a duk duniya babu sauran wannan iri.

Ya tsaya a kansu yana kallo. Sannan ya rungumi gwangwanin, ya sauka bene da silifas, ya tsaya a ƙofar da ya yi shekaru yana wucewa kansa a sama.

Ta buɗe. Ta dube shi, ta dubi abin da ke hannunsa.

Ya ce, "Ummu Hisham, suna mutuwa."

Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Cewa ta yi, "Kana da ƙusa da guduma? To mu hau."

Shi ya huda gwangwanayen biyu da suka zama wofi, rami biyar biyar, a jere kamar ya auna. Ita ta zubar da rubabbiyar ƙasar, ta kawo busasshiya daga tukwanenta, ta gauraya da yashi har ta yi wara-wara a hannu. Da cokalin shayi ta riƙa ɗago tsiron ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka tsinke a kan cokalin, saiwarsu ta riga ta narke. Duk wanda ya tsinke sai Abu Mina ya runtse ido.

Uku suka shiga sabuwar ƙasa. Ta binne dogon wuyansu har kusa da ganye, ta sa faranti a ƙarƙashi.

"Ruwa kuma sai ka tsoma yatsa ka ji ta bushe. In da danshi, ka sa hannunka a aljihu. Yanzu saura rana. Wace taga ce ke kallon kudu?"

Ya juya kai. Ta bi idonsa zuwa ƙofar ɗakin barci. Nan Afaf ta cika. Tun ranar ya kulle shi, a kujerar falo yake kwana.

"Ba zan iya ba."

"Tagar falonka bangon maƙwabta take kallo, Abu Mina. A nan za su ƙarasa. Ni ba zan taɓa ƙofar nan ba, ɗakinka ne."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ciro mabuɗi. Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, gilashin idonta a kan matashi. Bai kalli gadon ba. Ya wuce kai tsaye ya tura katakon tagar, rana ta faɗo har tsakar ɗaki.

Suka jera su a bakin tagar, a bayan gilashi. Ta jingina farin tire a bayansu don ya mayar musu da haske, ta ce ya riƙa juya gwangwanin kowace safiya kada su karkace.

Ɗaya ya mutu bayan kwana biyu. Biyun suka yi kamar ba za su yi ba, sannan suka fitar da sabon ganye, kore shar, gajere, mai kauri. Abu Mina ya murza ɗaya a hankali ya kai hanci. Bai yi kuka a coci ba, bai yi a maƙabarta ba. A bakin tagar nan ya yi.

Ranar arba'in ya shirya zai tafi da duka biyun. Ummu Hisham ta tare shi a bene.

"Ɗaya za ka kai. In iska ta kashe ta can, da me za ka sake? Ɗayar ta zauna ta yi iri."

Wannan karon bai yi musu ba. Ya miƙa mata ɗayar, ya ce a wajenta za ta fi tsira.

Da la'asar ya dawo daga maƙabartar Shatbi, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa. Ta leƙo.

"Ka dasa?"

"Na dasa. Na kuma gaya mata cewa cikin cokali guda na iri, biyu kawai na kawo, kuma ba ni na cece su ba."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Haka take yi in ita ce da gaskiya."

Darasi: Tukunyar da ba ta da mafitar ruwa, ruwan da ake ba ta don ƙauna shi ke kashe abin da ke cikinta. Haka zuciyar da ta riƙe fushi da baƙin ciki ta kulle taga. Girman kai ba ya biyan komai daga aljihunsa, amanar da ke hannunka ce ke biya. Ka sauka ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinka tun da sauran abin ceto. Ku tura wa wanda kuka san ya daɗe a ɗaki mai duhu.